Tsirkiya Ɗaya: Yadda Ɗan Maraya Jos Ya Zama Mawaƙin Talakawa

Ranar Asabar 20 ga watan Yuni 2015, azumi bai yi nisa ba, labari ya fito daga Jos cewa Allah ya yi wa Alhaji Adamu Wayya rasuwa. Mutane da yawa ba su gane mai wannan suna ba sai da aka ce musu Ɗan Maraya ne. Daga nan sai salati. Bai cika shekara saba'in ba, amma akwai masu jikoki a yau da ba za su iya tuna ranar da suka fara jin muryarsa ba, domin sun tashi ne sun tarar da ita a rediyon gidansu.

A Keffi, cikin Jihar Nasarawa ta yau, wannan ba rasuwar baƙo ba ce. Daga 1967 da aka ƙirƙiro Jihar Binuwai-Filato har zuwa 1 ga Oktoba 1996 da aka yanke Jihar Nasarawa daga Filato, Jos ce babban birnin mutanen Keffi. Can ake kai takardar neman aiki, can ake bin kuɗin fansho, can ake neman gurbin karatu. Shekara 29 ana hawa tudun Filato ta Garaku da Akwanga, kuma wanda duk ya yi wannan zirga-zirga a motar haya ya san kaset ɗin da direbobi suka fi sakawa. Don haka da manyan ƙasa suka shiga aikawa da saƙon ta'aziyya, akwai wata ta'aziyyar da ba ta shiga jarida ba, wadda 'yan kamasho da masu shayi da matan aure suka yi wa junansu.

Shekara ɗari da suka wuce ba wanda zai yi tsammanin za a yi wa makaɗi irin wannan jimami, balle makaɗin da kayan kiɗansa gwangwanin kifi ne. Yadda aka zo nan labari ne mai tsawo, kuma ya fara tun kafin a haife shi.

A ƙasar Hausa ta da, kowane kiɗa da mai shi. Tambari da kakaki na sarki ne. Kotso da taushi na makaɗan fada ne. Kalangu na mahauta ne tun asali, dundufa ta maƙera, komo na maharba, gangar noma ta manoma. Makaɗi ba ya yawo da kiɗansa yadda ya ga dama. Yana da ubangida. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Salihu Jankiɗi ya ƙare a fadar Sarkin Musulmi, Aliyu Ɗandawo ya yi zamaninsa a fadojin Kabi da Yawuri. Ubangida ya ba da gida da doki da riga da hatsi, makaɗi kuma ya raya sunansa da na kakanninsa, ya yi wa abokan hamayyarsa zambo. Keffi, garin da Abdu Zanga ya kafa wajen shekarar 1800 yana bin Zazzau, ta tafi a kan wannan tsari kamar sauran masarautu: fada da makaɗanta, sana'o'i da nasu. Sunan da ake ganin ya isa shiga waƙa shi ne na sarki, ko ɗan sarki, ko jarumi irin Magaji Ɗan Yamusa wanda ya kashe Baturen mulkin mallaka Kyaftin Moloney a 1902.

Shi kansa makaɗin kuwa yana ƙasa. Ana son waƙarsa, ana tsoron bakinsa, amma ba a son surukuta da shi. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi nazarin ƙasar Zazzau wajen 1950, ya tarar cewa a jerin darajar sana'o'i mutane suna sa maroƙa can ƙarshe tare da mahauta. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi a cikinmu. Har yau akwai gidajen da za a fasa aure a cikinsu idan bincike ya nuna kakan yaro maroƙi ne.

Abin da ya fara girgiza wannan tsari kuza ce. A farkon ƙarni na ashirin kamfanonin Turawa suka sauka a tudun Filato suna haƙar ta. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914, babban layin da ya biyo ta Kafanchan ya iso a 1927. Leburori suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno da ƙasashen kudu, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin mulkin mallaka ta ɗebo dubban mutane da ƙarfi ta kai su ramukan kuza, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Garuruwan da suka tsiro a gefen ramukan, Bukuru na cikinsu, bariki ne tsantsa. Ba a tambayar mutum ɗan gidan wa ne shi. Lebura ya karɓi kuɗin satinsa, tela da mai tuwo da direba su samu rabonsu a ciki. Sai ga jama'a mai yawa, tana da ɗan abin kashewa a aljihu, tana nesa da fadar garinsu, kuma ba ta da mawaƙin da ya san da zamanta.

A cikin wannan Bukuru aka haifi Adamu a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, kuma ya rasu ba da daɗewa da haihuwarsa ba. Mahaifiyarsa ta bi bayansa yaron yana jariri. Sarkin Hausawan ne ya riƙe shi, kuma daga wannan maraici sunan da duniya ta san shi da shi ya fito. A bisa al'ada ɗan makaɗin fada yakan fara da ɗaukar kayan kiɗan ubansa, ya shiga cikin 'yan amshi, ya haddace sunayen kakannin ubangida, har ranar da zai gaji tawagar. Adamu ya gaji jinin, amma babu uban da zai miƙa masa ganga da yara. Yana yaro ya yi tafiya zuwa Maiduguri, ya ga makaɗan can, suka burge shi, ya harhaɗa wa kansa kuntigi. Da shi ya rayu, da shi ya mutu.

Kuntigi ba wani abu ba ne a ido. Gwangwanin kifin sardin mai ɗan tsawo, a rufe shi da fatar akuya, a soka sanda, a ɗaura tsirkiya ɗaya. Yaro zai iya yin sa da abin da ya tsinta a bayan kanti. Amma wannan ƙanƙanta tasa ita ce ta ba mai shi 'yanci. Makaɗin fada yana tafe da masu kiɗa da 'yan amshi da sanƙira, kowanne da iyalinsa. Bakuna da yawa ke jiran abinci daga waƙa ɗaya, saboda haka dole a nemi mai kyautar doki, dole kuma a faɗa masa abin da yake son ji. Mai kuntigi cikinsa ɗaya. Kwabo da sisin da leburori suka jefa masa sun isa ya kwana. Wanda ba ya jiran doki ba ya bukatar tauna maganarsa.

Akwai wani abu kuma da rashin 'yan amshi ya jawo. Makaɗin da ke da tawaga yakan jefa ɗiya ɗaya, yara su karɓa, shi ya numfasa ya shirya ta gaba; amshin ne ke riƙe waƙar. Ɗan Maraya ba shi da mai karɓa masa. Idan ya yi shiru, ba abin da ya rage sai ƙarar tsirkiya. Dole maganar ta riƙe kanta, ta ci gaba, ta sa mai sauraro son jin abin da zai biyo. Shi ya sa waƙoƙinsa suka karkata ga labari da jawabi, da farko da tsakiya da ƙarshe, har mutum ya iya ba wani labarin waƙar ba tare da ya rera ta ba.

Waƙar da ta fito da shi ita ce ta Karen Mota. Matasan yanzu da suka saba da ƙananan motoci masu santsi ba lallai su san wanda ake nufi ba. A zamanin manyan motocin katako da hanyar da ba kwalta, kowace mota tana da yaronta. Shi ke lodi, shi ke ɗaure kaya, shi ke ɗebo ruwan lagireto a rafi. Idan mota ta tsaya a hawa shi ke dirowa da gudu ya tokare taya da katako. Idan ta kafe a taɓo shi ke shiga. Direba ya kwana a ɗaki, shi ya kwana a ƙarƙashin mota yana gadin kayan mutane. Ladarsa ragowar abinci da zagi, da fatan wata rana a bar shi ya taɓa sitiyari. Sunan da aka laƙaba masa kaɗai ya isa ya nuna matsayinsa.

Wannan yaron Ɗan Maraya ya ɗauka ya yi wa abin da ake yi wa sarakuna: ya ambaci aikinsa, ya zuga shi, ya nuna wahalarsa abin yabo ce. A ganina, duk abin da ya yi daga baya bai kai wannan nauyi ba. Gaskiya ne ba shi ya fara yi wa talaka waƙa ba. Makaɗan noma da na dambe irin Ɗan Anace suna yi, Mamman Shata ma ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa. Amma manomi da ɗan dambe suna da gadon sana'a da makaɗansu tun kaka da kakanni, direba da ɗan kasuwa kuma suna da abin bayarwa. Karen mota ba shi da gado, ba shi da kyauta, ba shi da ko sunan da za a ambata. An yi masa waƙa ne don aikinsa kawai. A gari irin Keffi, inda hanyar Jos da Lafiya da ta Nasarawa da ta kudancin Kaduna suka haɗu tun kafin Abuja ta ƙara mata cunkoso, ba a rasa gidan da wani ɗansa bai taɓa bin mota ba. Mutanen irin waɗannan gidaje sun ji an ambace su a rediyo, kuma ba su manta ba.

Rediyon ce ta kammala aikin. Gidan rediyon Kaduna ya fara watsa shirye-shirye a 1962, daidai lokacin da ƙananan rediyoyi masu batir suka fara shiga hannun talakawa. Waƙar fada a da sai wanda ya je ƙofar fada ranar salla yake jin ta. Yanzu makiyayi a daji da mace a cikin kulle suna jin abu ɗaya a lokaci ɗaya. Murya ɗaya da tsirkiya ɗaya kuwa sun fi kowane kiɗa dacewa da ƙaramar rediyo, domin ba wata hayaniya da za ta danne kalmomin.

Sai yaƙin basasa ya zo, daga 1967 zuwa 1970. Ɗan Maraya ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi da yawa, yana zayyana fagen daga har mai sauraro ya ji kamar yana gani. Ba ƙaramin kaso na waɗannan sojoji ba ne ya fito daga Binuwai-Filato, jihar da shugaban ƙasa na lokacin, Yakubu Gowon, ya fito. 'Ya'yan Angas da Birom da Eggon da Mada da Tibi ne, yawancinsu ba Hausawa ba, da yawansu ba Musulmi ba, amma Hausa ce harshen barikin soja kamar yadda take harshen kasuwa a ƙasashensu. Uwar da ɗanta ke bakin daga ba ta tambayar ƙabilar mawaƙin da ke ambaton halin da ɗan nata yake ciki. Daga nan ya shiga gidajen da makaɗan fadar Sakkwato da Katsina ba su taɓa shiga ba.

Bayan yaƙi ya juya ga yaƙin da ake yi a cikin gida. Jawabin Aure ta jera illolin saki tana roƙon ma'aurata su sasanta. Gulma Wuya ta bi sawun magulmaciyar unguwa da bokanta suna raba mata da mazansu. A irin waɗannan waƙoƙi yakan sauya murya, ya zama miji, ya zama mata, ya zama tsohuwar da ke kai gulma, duk shi kaɗai, har waƙar ta koma wasan kwaikwayo. Mutane suna dariya, amma kowa ya san gidan da ake nufi, wani lokaci ma gidansa ne. Wadda ta fi bukatar ƙarfin hali ita ce Auren Dole. A lokacin da ya yi ta, uba ya ba da 'yarsa ga wanda ya so ba abin da ake muhawara a kai ba ne a gidaje da yawa, kuma iyayen nan su ne masu saurarensa, su ne masu ba shi kyauta. Ya tsaya a gefen yarinyar. Makaɗin da ke cin abinci a gidan mutum ɗaya zai yi tunani sau biyu kafin ya taɓa wannan magana.

A hankali darajar makaɗi ta sauya, kuma shi da Shata ne suka ja gaba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, Jami'ar Jos ta ba Ɗan Maraya nasa, gwamnatin tarayya ta ba su duka lambar girma ta ƙasa. Mutumin da a da ake kira maroƙi ya koma Dokta. Malamai irin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka rubuta tarihin makaɗa, ɗalibai suka shiga nazarin waƙoƙinsu don samun digiri. Kuntigin gwangwani ya hau jirgi ya je ƙasashen waje. Lokacin da Shata ya rasu a watan Yuni 1999 aka binne shi a Daura, Arewa ta nuna cewa ta koyi yi wa makaɗi makoki irin na manya. Musa Ɗanƙwairo ya riga shi a 1991, Barmani Choge ta bi a 2013. Da Ɗan Maraya ya tafi, mutane sun ji cewa ƙofar wani zamani ce ake rufewa.

Akwai wani nauyi da rasuwarsa ta ɗauka wanda na sauran ba su ɗauka ba, kuma yana cikin sunansa. Jos ɗin da ya laƙaba wa kansa ta ƙone a 2001, ta sake ƙonewa a 2008 da 2010, Bukuru ma ba ta tsira ba. Tushen rigimar tambaya ɗaya ce, wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Unguwanni suka rabu, maƙwabtan shekara arba'in suka daina gaisawa, wasu suka kwashe iyalinsu suka sauko Akwanga da Keffi da Mararaba. Ɗan Maraya, wanda aka haifa a Bukuru cikin waɗanda kuza ta kawo, a ma'aunin masu wannan rigima yana iya faɗawa cikin baƙi. Amma a Jos ya zauna, a Jos ya cika, kuma ban ga yadda za a ba da tarihin kiɗan Filato a tsallake shi ba. Waɗanda suka yi jimaminsa sun fito daga ɓangarorin biyu na layin da aka shata a garin.

Makokin Musulmi ba ya da kiɗa. A yi wanka, a yi sutura, a yi salla, a kai mutum makwancinsa, a zauna kwana uku ana karɓar gaisuwa, ana cewa Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta. Mutumin da ya yi rayuwarsa da tsirkiya a hannu, an raka shi ba tare da an taɓa ta ba, kuma haka ya dace. Gidajen rediyo da masu sayar da waƙoƙi a bakin tasha su ne suka yi ta sakin muryarsa a kwanakin. Nan kuma wata tsohuwar muhawara takan taso duk lokacin da mawaƙi ko ɗan wasa ya rasu: wasu suna ganin jinƙai ga mamaci shi ne a daina sa abin da ya bari, kada a ƙara masa nauyi a kabari. Masu faɗin haka ƙaunarsa ce ta sa su faɗa, ba na raina damuwarsu. Amma ni ina ganin waƙar da ta hana wani sakin matarsa cikin fushi, ko ta sa wani uba ya tambayi 'yarsa kafin ya ba da ita, nasiha ce ko da da kuntigi aka yi ta.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan tambaya ba. A arewacin Ostireliya, cikin mutanen Yolngu waɗanda suke asalin mazauna ƙasar tun kafin zuwan Turawa, an yi wani mawaƙi makaho mai suna Gurrumul, wanda ya rera yawancin waƙoƙinsa da harsunan mutanensa. Ya rasu a Darwin ranar 25 ga Yuli 2017 yana da shekara 46. A al'adarsu, idan mutum ya mutu akan daina kiran sunansa da nuna hotonsa na wani lokaci, kuma manyan jaridun ƙasar suka bi wannan, suka koma kiran sa Dokta G. Yunupingu. Daga baya danginsa suka zauna suka yi shawara, suka ba da izinin a ci gaba da amfani da sunansa domin kada aikinsa ya ɓace. Kundin waƙoƙinsa na ƙarshe, Djarimirri, ya fito a 2018, ya zama na farko da aka yi da harshen 'yan asalin ƙasar da ya hau saman jerin waɗanda aka fi saye a Ostireliya. Al'adarsu ta fi tamu tsanani a kan mamaci, amma sun zauna sun yanke abin da za a yi da gadonsa, kuma akwai wanda ke riƙe da asalin kowace waƙa.

Gadon Ɗan Maraya a warwatse yake. Wasu waƙoƙin suna kan tsofaffin faya-fayen garmaho, wasu a ɗakunan ajiyar gidajen rediyo, mafi yawa sun iso mana ta kaset da aka kwafa daga kaset har sautin ya dushe. Daga nan suka koma memori da wayoyi da YouTube, sau da yawa ba shekara, ba wurin ɗauka, wani lokaci ma da sunan da mai ɗorawa ya ga dama ya sa. Tun da finafinan Hausa suka kankama bayan Turmin Danya a 1990, fiyano da situdiyo suka karɓe kasuwa, kuma yaron da ke son waƙa a yau kwamfuta yake nema, ba gwangwani da fatar akuya ba. Ba laifinsa ba ne, can abinci yake. Amma sakamakon shi ne masu kaɗa kuntigi sun yi ƙaranci ƙwarai.

Aikin da ke gaba ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A tattara abin da ya rage, a tsabtace sautin, a rubuta kalmomin, a jera waƙoƙin bisa zamaninsu, a tabbatar haƙƙin iyalinsa yana isa gare su. Jami'ar Jos da ta karrama shi da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi suna da ɗaliban da ke neman abin yin bincike kowace shekara. Sai dai jera waƙoƙin ba zai yiwu daga kaset kaɗai ba. Ma'aikatan rediyon da suka ɗauki muryarsa a shekarun 1960 da 1970 su ne za su iya cewa wannan ta riga waccan, kuma a wane hali aka yi ta, kuma waɗanda suka rage a cikinsu duk sun manyanta.